Tsayayya Ta Rasu a Kwanar Gwiwar Hannu

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, Birkila, babban ɗa a gidansu, yake sanar da 'yan'uwa da abokan tsere rasuwar tayar motarsa ta gaba ta hannun hagu, wadda aka fi sani da Tsayayya. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a filin tseren motoci, a babbar kwanar nan da ake kira Gwiwar Hannu, a gaban jama'a, kuma a bayan motar ƙanensa Auta. Wannan na ƙarshen shi ya fi ciwo.

Marigayiya ba ta daɗe a duniya ba, amma ta yi zama na mutunci. Baƙa ce wuluk, mai faɗin tafi, mai riƙon iska. Ba ta taɓa tsintar ƙusa ba, ba ta san hannun mai faci ba. Babban halinta shi ne tsayuwa. Birkila mutum ne da ya yi rayuwarsa yana ta da bango, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya san ya sha rushe ginin yini guda saboda bulo ɗaya ya leƙo. Ranar da aka ɗaura ta, ya ciro igiyar awonsa mai ƙarfe a baki, wadda ba ta barin aljihunsa, ya sake ta a gefen mota. Igiya ta sauka, taya ta bi ta sak. Nan ta samu suna.

Za a daɗe ana tuna muryarta. A miƙaƙƙiyar hanya shuuu take yi, a hankali, kamar mai lallashin yaro. In ta shiga kwana kuwa sai ta ɗaga murya, ƙiiiii, har na bakin ƙofar fili ya san Birkila ne ya iso. Shi a wurinsa waƙa ce. Yanzu wasu suna cewa kuka take yi. Iyalan marigayiya ba su nemi ra'ayin kowa ba.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga Auta. Wannan Autan, a sani, Birkila ne ya goya shi, shi ya koya masa bambancin birki da totur, shi ya fara kai shi filin tsere yana riƙe masa gorar ruwa. Wata Asabar sai ga shi da motarsa tayoyin gaba a karkace, sama ya shige ciki, ƙasa ya buɗe. Wai wasu farantai ya sa. Ƙarfe ne mai tsaga da ake ɗaurawa a kan shakazoba, ƙarƙashin murfin inji. In ka sassauta notuna ka tura kan shakazoba ciki, sai taya ta kwanta iya yadda kake so. Masu sayarwa suna ce wa karkatar kamba. Birkila ya zagaya motar, ya ce, "Auta, wa ya doke ta a gwiwa? Ai wannan gwame ce." Fili ya ɗauki dariya, suna ya bi mota.

A ranar Gwame ta wuce shi a Gwiwar Hannu. Ba ta yi ƙara ba, ba ta yi hayaƙi ba, ta dai bi ta cikinsa ta tafi abinta, Tsayayya tana ta ƙiiiii a baya.

Ya kamata a faɗa a nan, tunda ana ta tsegumi, cewa Birkila ba ya hassada. Bai damu ba da mutanen da suka saba taruwa a bakin injinsa suka koma leƙen na Auta, suna shafa farantai kamar sun ga jariri. Bai damu ba da matarsa, wadda ke zuwa kallo da fulas ɗin shayi, ta fara zuba wa Auta kafin shi, tana cewa, "Maigida, ka ga yadda take shan kwana kuwa? Kamar an zana mata." Ko da tsohuwarsu, wadda ba ta taɓa taka filin tsere ba, ta ce masa a gaban jikoki, "Ashe ƙaramin ne direba," bai damu ba. Abincin ne kawai ya ƙi shiga.

Saboda haka ba don kowa ba, don lafiyar marigayiya, ya je shagon kayan mota. Mai shago ya baje masa farantai iri uku a kan kanta. Akwai mai roba a tsakiya, ba ya ƙara, ya fi daɗin titi. Akwai mai ƙwallon ƙarfe, ya fi riƙe taya a fili amma duk rami sai ya yi ƙwas. Akwai na uku, mai kauri, wanda ban da ciki da waje har gaba da baya ake tura shi. Mai shago ya fara tambaya: motar fili kaɗai take ko tana shiga gari, wace irin taya ce, ta ina take cinyewa?

"Wanne Auta ya saya?" in ji Birkila.

Aka nuna masa na tsakiya.

"Ba ni wanda ya fi shi."

Ya ɗauki na uku, ja, mai zane-zanen awo da suka ninka na Auta. Ya kai wa bakanike, ya wuce wurin gini. Da ya dawo da yamma, siminti har gira, ya tarar da motarsa a tsakiyar gareji tana tsaye irin tsayuwar Gwame. Tsayayya, wadda ba ta taɓa sunkuyar da kai ba, ga ta a jirkice. Hannunsa da kansa ya shiga aljihu. Igiya ta sauka, taya ba ta bi ta ba.

"Mayar da ita," ya ce.

Bakanike ya goge hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai amfanin abin ke nan. In mota ta shiga kwana, duk nauyinta kan wannan tayar yake kwantawa. Wadda ke tsaye sai ta koma kan gefenta. Mai gwamen ita ce ke taka ƙasa da tafinta duka."

"Bango ma nauyi yake ɗauka. Ka taɓa ganin na gina shi a karkace?"

"Bango ba ya shan kwana."

"Ni kuma ba na tuƙa gurguwa. Mayar da ita."

Aka sassauta notuna, aka yi ta turawa Birkila na duban igiya, har taya ta dawo sak. Haka ya fita da farantai mafi kyau a duk filin, an ɗaure su tamau a daidai inda kan shakazoba yake tun asali.

Ranar Asabar ya buɗe murfin inji tun kafin a tambaye shi. Jama'a suka dawo, suka yaba jan ƙarfe, har matarsa ta zuba masa shayi da fari. Auta ya duƙa ya dubi taya, ya ɗago, ya ce, "Yaya, ba a kwantar da ita ba fa." Birkila ya ce masa ya je ya ji da nakasasshiyarsa.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Gwame na gaba, Birkila na manne da ita. A miƙe ba ta isa ta tsere masa ba, amma duk zuwa Gwiwar Hannu sai ta ƙara masa tazara. Ya ce a ransa yanzu ai kayansa sun fi nata, ya daina taka birki a inda ya saba. Marigayiya ta yi iya yinta. Ƙiiiii ya koma gurrrr. Sitiyari ya juya, hancin mota ya ƙi bin sa. Sai fat, fat, fat, sannan wani dogon fuuuus, wanda shi ne kalamanta na ƙarshe. Mota ta shiga tsakuwa ta tsaya.

Birkila bai ji ko ƙwarzane ba. Rauninsa ya zo ne daga baya, da Auta ya bar tseren da yake kan ci, ya ajiye Gwame, ya sheƙo a guje yana cewa, "Yaya, lafiya kake? Yaya, yi magana." Da dariya ya yi, da an san yadda za a yi da shi. Gwame ce kuma ta ja motar zuwa gareji da igiya, a hankali, a gaban kowa.

Bakanike ya duba gawa. Kafaɗarta ta waje ta cinye har wayoyi sun fito, gefen ciki kuwa zanensa na nan kamar ranar da aka sayo ta. Ya ce rabinta ya mutu da wahala, rabinta bai taɓa sanin ƙasa ba. Iyalan marigayiya sun ji, kuma sun fi karkata ga cewa baki ne ya kama ta, don an yi ta yabon jan faranti babu ko tubarkalla.

Ta rasu ta bar 'yar'uwarta ta hannun dama, wadda ita ma kafaɗarta ta fara sanƙo. Da ƙannenta biyu na baya, waɗanda ba su taɓa sanin me ake ciki a gaba ba. Da safaya, wadda ke kwance a but tun zuwanta ba ta tsinana komai ba, yanzu kuma take ganin lokacinta ya yi. Ta bar farantai biyu ja, sababbi, marayu tun ba su fara aiki ba. Ta bar igiyar awo, wadda ba ta yi ƙarya ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa kafin a buɗe fili. Za a ɗauko ta daga gareji a kai ta Gwiwar Hannu, a haɗa ta da tsofaffin tayoyin da aka jera a bakin kwanar don tare masu kuskure. Sauran a kwance suke. Ita a tsaye za a kafa ta, Birkila da kansa zai saki igiya. Ana karɓar gaisuwa a gareji. Mai zuwa da ta'aziyya ya zo, mai zuwa da bayani ya zauna a gida. Ana roƙon tsohuwa ta yi addu'a kawai, ban da kwatance.

An yarda Auta ya halarta, da sharaɗin ya ajiye Gwame a bayan katanga. Ana kuma so ya biyo ta gareji ranar Juma'a, ta ƙofar baya, lokacin da za a ɗaura magajiyar marigayiya, ya zo da sifanarsa da ɗan abinsa na awon karkatar taya, ya bar bakinsa a gida.

A ƙarshe, duk wanda ya ga motar Birkila bayan jana'iza tayoyinta na gaba sun ɗan kwanta, sama ya shige, ƙasa ya buɗe, har ma ya ɗara na wata motar kaɗan, to ya kama bakinsa. Ba kwaikwayon kowa take yi ba. Rashi aka yi mata, gwiwoyinta ne suka yi sanyi.