Lasifika Huɗu a Bikin Gidigir

Taubashina Bukar, mai kaɗa gita a bukukuwa, ya sayo tsohuwar ampili a Damagaram, irin mai fitilun gilashi a ciki, ba suna, ba lasifika. Ni ya kawo wa, don ni ke gyara wa 'yan unguwa rediyo.

Na juya ta, na shinshina, na ce, "Wannan ta Ingila ce. Lasifika ɗaya raini ne gare ta. Huɗu za a sa."

Bukar ya ce, "Ka tabbata, bawana? Gobe fa bikin Gidigir."

Na ce, "Kai dai kama gitarka."

Na ciro lasifika huɗu na tsofaffin motoci, na ɗaure wayoyinsu wuri guda.

Bayan la'asar fili ya cika, amarya ta zauna. Bukar ya taɓa tsirkiya, ampili ta yi tari, hayaƙi ya turnuƙe. Gwaggon amarya ta toshe hanci ta ce, "Wane irin turare ne wannan?" Da tafi da ƙwarya aka ƙarasa bikin, ni kuwa ina ɓoye a bayan mota.

Har yau, ko tukunya ce ta kama a gidanmu, sai Bukar ya leƙo ya ce, "A kira injiniya, ta Ingila ce!"