Yatsana a Bakin Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na so in manta, da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin budurwata Rahila a Kwoi. Lokacin ina sabon malamin firamare a Kafanchan, kuma kowa ya ja mini kunne: tsohon nan dattijon ikilisiya ne, in ya ƙi amsa gaisuwarka, to nemi wata yarinyar. Na hau babur, ina ta maimaita gaisuwar da zan yi tun a hanya.

Na same shi zaune kusa da shanyar citta. Na durƙusa. "Baba, ina wuni?" Shiru. "Ina gajiya? Yaya gona?" Shiru. Na ce a raina shi ke nan, Rahila ta kuɓuce.

Da na saci kallonsa sai na ga ya dafe ƙirji, baki a rufe gam, yana nuna bakin yana girgiza kai. Nan take na tuna darasin taimakon gaggawa na kwaleji (wanda rabinsa gyangyaɗi na yi). Wani abu ya shaƙe shi! Na zabura, na ɗirka masa duka a baya, na kwarma ihu, na danne haɓarsa, na zura yatsa cikin bakin mutumin da ko ido ba a haɗawa da shi. Na lalubo wata 'yar farar ƙwaya da ta fara narkewa, na ɗaga ta sama kamar na tsinci zinariya.

Mahaifiyar Rahila ta fito da gudu, Rahila na biye. Uwar ta daka mini tsawa: "Kai yaro! Maganin zuciyanshi ne ka cire! Likita ya ce ba a haɗiye shi, ƙarƙashin harshe ne ana sa. Daga wurin ne yana shiga jini maza-maza."

Rahila ta ɗauko 'yar kwalba ta sa masa wata. Muka yi cirko-cirko. Ina ta roƙon Ubangiji kada bawan Allahn nan ya cika ta sanadina. Ban taɓa sanin ƙwaya ƙarama haka tana daɗewa ba ta narke ba.

Can tsohon ya sauke hannu, ya yi dogon numfashi, ya dube ni.

"Malam, hannun nan ka wanke shi?"

Ban wanke ba. Da shi na gyara sarƙar babur a hanya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Kana da garaje," in ji shi. "Amma ko yarana ba su ji tsoron mutuwana haka ba. Je ka turo manyanka."

Aka ba ni Rahila, amma har ya koma ga Ubangiji, da ya hango ni sai ya rufe baki da hannu. Ni kuwa tun ranar, in babba ya yi shiru, hannuwana nake mayarwa baya in jira.