Tsayuwa Bakwai a Hanyar Mayo Gwoi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kusa wargaza auren ɗan abokina da ƙafafuna ba.

Ni dai mutum ne mai alfahari da kansa, wannan na amsa. Na zauna a Garwa ta Kamaru, na yi aiki a Kwatano, na ga Jidda. Ina jin Fulatanci, da Mumuyanci, da Faransanci, da ɗan Larabci. Shekarata saba'in da uku, ba ciwon suga, ba hawan jini. Har dariya nake yi wa tsararrakina masu tafiya kamar suna taka ƙwai.

Abokina Malam Sale, Mumuye ne, ɗansa yana neman wata yarinya Bafulatana a unguwar Mayo Gwoi. Ya ce, "Kai ne za ta shiga gaba, kai ne ka san bakin su." (Hausar Malam Sale ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne.) Na gyara babbar riga na amsa.

Muka bar motoci a bakin titi saboda lungun ba ya shiguwa. Daga nan zuwa ƙofar Alhaji Buba, baffan yarinyar, bai fi taku ɗari biyu ba. Ni a gaba, mutum goma sha biyar a baya ɗauke da goro da alawa. Kun san al'ada, ba mai wuce dattijo.

Muna tafe Malam Sale ya tambaye ni yadda ake buɗe gaisuwar surukai da Fulatanci. Na koya masa. Ƙaninsa ya ce a maimaita da Mumuyanci. Na maimaita. Wani ya tambayi yadda ake yi a Kamaru, ni kuwa an taɓo inda nake so. A raina tafiya muke yi lafiya lau.

Da muka iso, tabarmi a shimfiɗe, ba kowa a kai. Ƙofa a rufe.

Can Alhaji Buba ya fito, fuska a murtuke, bai ko miƙo hannu ba.

"Malam, in ba ku shirya ba ku koma. Ɗazu ina tsaye nan ina kallonku. Sau bakwai kuna tsayawa kuna shawara! 'Yarmu ba ta rasa manema ba."

Na ce, "Tsayawa? Mu? Wallahi ba mu tsaya ba."

Malam Sale ya ja min riga. "Kai ne tana tsayawa. Duk magana sai ka tsaya cak, mu ma mu tsaya."

Na juya, kawuna goma sha biyar suna gyaɗawa, gumi na zuba. Ashe duk lokacin da bakina ya buɗe, ƙafafuna rufewa suke yi, ni ban sani ba. Da ƙyar na ce, "Alhaji, ba shawara ba ce. Tsufa ne."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya fashe da dariya, ya ce, "Shigo ka zauna, kada ka yi magana sai ka kai tabarma." Aka ba mu yarinya.

'Yata Hauwa ma'aikaciyar jinya ce. Da na ba ta labari ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, tafiya ma ƙwaƙwalwa ke yin ta. Da ƙuruciya tana ɗaukar tafiya da tunani tare ba wahala. In shekaru suka ja, ko mutum lafiyarsa ƙalau, wani lokacin sai ta ajiye ɗaya ta ɗauki ɗaya. Ba lallai ciwo ba ne, amma gara likita ya duba ka." Na je. (A Jidda na ga tsofaffi suna tsayawa haka a tsakiyar kasuwa, na ɗauka kallon kaya suke yi.)

Yanzu na daina yi wa kowa dariyar tafiya. Likita ya ce in riƙa tattaki kullum da safe, matata Hajiya kuma ta ce ita za ta raka ni. Na yi ta murna, sai da na ji tana gaya wa Hauwa cewa shekara arba'in tana neman hanyar da zan yi shiru, ashe tafiya ce.