Zanar Da Na Saƙa Wa 'Yan Aji Ɗaya

Makonni uku da suka wuce jikata ta kunyata ni a teburin mai shayi, a gaban mutum tara. Na ƙirga su.

Ni na jawo wa kaina. Na ga za ta wuce, na kira ta don in nuna wa maƙwabcina Mijinyawa cewa akwai ilimi a gidana. Sunanta Asiya. Shekararta shida, tana aji ɗaya a firamaren garinmu, nan gefen hanyar Getso.

Na ce, "Asiya, biyu a tara da uku, nawa ke nan?"

Ta ce, "Baba, mu ba a ba mu tambaya. Amsa ake ba mu."

"To, ba ni amsar."

Ta haɗe ƙafafu, ta ɗaga kai. "Biyar. Bakwai. Huɗu. Tara. Shida."

"Wacce a ciki?"

"Ka zaɓa, Baba. Duk daidai ne. Malam ne ya rubuta."

Mijinyawa ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ban bubbuga masa baya ba. Na aika aka kira Uwaisu, shi ma jikana ne, ajinsu ɗaya da Asiya. Na yi masa tambayar. Ya buɗe murya kamar ladan: "Biyu a tara da uku daidai yake da..." Sai ya yi shiru.

"Da me?"

"Nan zana ta tare, Baba."

Mijinyawa ya goge hawaye. Ya sani sarai, amma ya tambaya. "Zanar wa, yaro?"

"Ta Baba."

Na tashi ban ƙarasa shayina ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Jibirin Mai Zana. Shekara hamsin ina saƙar gamba. Daga Gwarzo har Kabo, in ka ga zanar da ko hasken rana ba ya ratsa ta, tawa ce. Boko kuwa wata bakwai na yi a ajin yaƙi da jahilci. Da shi nake rubuta muku wannan, kuma ya ishe ni.

Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a na je Kano. A bayan motar ɗaukar hatsi na je, a tsaye, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Bayan 'yan watanni sai ga takarda ta iso makarantarmu daga wani ofis da ba zan kira sunansa ba. Mai sa hannu wani babban mutum ne, mu kira shi Mai Girma Sarkin Hatimi. Takardar ta ce a raba maza da mata a kowane aji, nan take. Aji ɗaya kuwa ɗaki ɗaya ne, malami ɗaya, allo ɗaya, yara ɗari da sha huɗu. An yi mana alkawarin ɗaki na biyu tun tuni. Sau uku ana aza harsashinsa, duk a rami ɗaya. Yanzu kwaɗi ne ke karatu a ciki.

Sai aka ce a raba ɗakin da zana, daga bangon baya har gaban allo, a bar inda mutum ɗaya zai ratsa. Na ce ni zan yi, fisabilillahi. Kwana tara na yi a kanta. Ranar buɗe ta, Mai Girma ya zo da motoci bakwai, a makon da ko kananzir babu a garin. Ya yanka ƙyalle, ya shafa zanar, ya ce ilimi ya ci gaba. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba.

Ran Litinin, bayan abin kunyar nan, na tafi makarantar da kaina. Na tarar yara sun gama shara, sun yi layi ana duba farce. Aka buga tsohon ƙarfen mota da ke rataye a jikin dalbejiya, suka shiga, kowa da buhun da zai zauna a kai. Maza hagu, mata dama. Na zauna a bayan maza. Malam Sajo, malamin ajin, ya yi kiran suna, ya kai rabin awa. Sannan ya ɗauki alli ya rubuta da manyan baƙaƙe, don na baya su gani: ba, be, bi, bo, bu. Daga inda nake, ba be bi na gani. Na zagaya ɓangaren mata. Bo bu.

Ya rubuta ranakun mako a jere. Maza suka samu Asabar, Lahadi, Litinin. Mata suka samu Laraba, Alhamis, Juma'a. Talata ta faɗa daidai bakin zana. Babu wanda ya gan ta. Wata biyar yaran garinmu suna zaune babu Talata.

Da aka tashi tara, yara suka ruga wajen masu ƙosai, na tsare Malam Sajo.

"Malam, me ya hana ka rubuta sau biyu? Kowa da nasa."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun alli kamar ƙwayar gyaɗa. "Baba Jibirin, sanda biyu ake ba ni a mako. An ce a tsuke bakin aljihu. In na rubuta sau biyu, ran Laraba sai dai in rubuta da yawu."

"Ka faɗa da baki."

"Ina faɗa. Ka taɓa yin magana a gaban yara ɗari da sha huɗu? Na gaba suna ji. Na baya suna cin gyaɗa."

"To, a matsar da zanar baya."

Ya waiwaya hagu da dama. "Baba, ka rufa min asiri. Takarda ce da hatimi. Wanda ya taɓa irin wannan a wata makaranta, yanzu yana koyarwa inda sai an hau jaki sannan a hau kwalekwale. Ina da iyali."

Sannan ya ce kada in damu ƙwarai, akwai adalci a ciki. Ranar Arabiyya rubutu daga dama yake farawa, don haka mata ke samun farko, maza su samu ƙarshe. Na ce madalla. Ashe an yi tunani.

A gida na gwada dabara. Na zaunar da Asiya da Uwaisu, na ce su haɗa littattafansu, tasa tambaya, tata amsa. Kwana biyu abin ya yi. A rana ta uku Uwaisu ya cinye mata ɗanwake, ta ce ta janye amsoshinta har sai abin da hali ya yi. Wannan yarinya, in ta girma, ofis za ta riƙe.

Sai ɗana Hammadu, uban Asiya, ya same ni a zaure. Ya durƙusa, ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce, "Baba, jarrabawar shiga aji biyu saura wata guda. In Asiya ta faɗi, zan cire ta. Wata biyar tana zuwa, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Gara ta ɗauki farantin gyaɗar uwarta."

Na ce, "Ba za ta faɗi ba."

"Baba, ka ji ta da kunnenka."

"Na ce ba za ta faɗi ba. Tashi."

Ya tashi. Amma na ga farantin. An wanke shi, an jingine shi a bakin ɗaki yana jira. Ni ma wata bakwai kawai na yi a aji aka cire ni. Na san yadda faranti yake jira.

Na je wurin limaminmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, Shari'a ce ta ce yarinya 'yar shekara shida ta ga rabin allo?"

Ya ce, "Malam Jibirin, na yi karatu gwargwado, ban ci karo da wannan ba. Neman ilimi kam na gani, a kan namiji da mace."

"To, ka faɗa musu."

"Na faɗa. Sun ce maganata ba ta da hatimi."

Sai na shirya na tafi ofishin. Motar da na shiga ta biya layin mai a Gwarzo tun hantsi. Mu fasinja muka riƙa tura ta taku-taku. La'asar ta yi muna dab da famfo, sai mai gidan man ya fito ya ce ya ƙare. A gefen titi kuwa ga shi nan jarka-jarka a hannun 'yan bumburutu. Ban san ta inda yake bi ya same su ba. Wataƙila daga sama yake sauka. Na kwana gidan ƙanwata, da safe na ƙarasa a ƙafa.

Ban samu Sarkin Hatimi ba. An ce yana taron bita a kan ilimin yara mata, a wani otal, kwana biyar. Allah ya ƙara masa ƙwazo. Na samu na ƙasa da shi, Ranka-ya-daɗe Magajin Gobe, yana cin tsire a kan fayil.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zana ce nake so a ja baya kamu huɗu."

"Wa ya saƙa ta?"

"Ni."

"To, kai ka kawo ƙarar kanka ke nan?"

"E."

Ya ce ja da zana baya sauya manufa ne, sai an kafa kwamiti. Na ce to a ba mu allo na biyu. Ya ce babu a kasafin bana. Na ce akwai wani ƙaton allo a ƙofar makarantar, wanda aka rubuta cewa ana gina sabon aji. Ya ninka na ajin sau biyu. A ba mu shi mu shafa masa baƙin fenti. Ya ajiye tsiren. Ya ce, "Baba, sunan Mai Girma ne a jiki. Kana so yara su tashi ba su san wanda ya yi musu aiki ba?" Na ce ai ko sun so, rabin sunan za su iya karantawa. Ya ce in dawo gobe.

Ban koma ba. Gida na dawo, na wuce kai tsaye ƙofar Mijinyawa. Ku sani, shekara ashirin ina rigima da mutumin nan a kan awakinsa. Babu zanar da na taɓa jinginewa ba su ɗanɗana ba.

Na yi sallama. Na ce, "Aron awakinka nake so."

"Na'am?"

"Ka ji ni."

"Jibirin, awakin da ka jefa da tabarya? Har yau jar nan tana ɗingishi."

"Su."

Da na gaya masa dalili, ya zauna a kan turmi don ya ji daɗin dariya. Ya ce sai na faɗa da bakina cewa awakinsa masu tarbiyya ne. Na tuna farantin. Na faɗa. Ya ce bai ji ba, kunnensa na hagu ya yi nauyi. Na sake faɗa ta dama.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na jiƙa kanwa da dusa a bokiti. Ajin ba shi da ƙyaure, tun bara aka ɗauke shi za a gyara. Na auna kamu huɗu na zanar daga bakin allo, na shafe su sarai da haɗin. Sauran ban taɓa ba. Mijinyawa ya koro awaki goma sha ɗaya. Na tsaya ina kallo suna cin aikin kwana tara. Jar nan mai ɗingishi ta fi kowa ci, tana ci tana kallona.

Zuwa Lahadi da yamma sun gama. Daidai inda kanwa ta tsaya, nan suka tsaya. Ban taɓa ganin aikin gwamnati da ya tsaya daidai kan awo haka ba.

Ran Litinin Asiya ta dawo da gudu, ko takalmi ba ta cire ba. "Baba! Ashe biyar ɗin nan daga biyu da uku take fitowa! Kuma an samo wata rana sabuwa, Talata!" Na ce na taɓa jin labarinta. Mako guda bayan haka Hammadu ya yi mata tambaya goma a tsakar gida. Ta ci takwas, ta rubuta sunanta a ƙasa da tsinke. Da yamma na ga uwarta tana shanya kuɓewa a farantin.

Jiya sai ga motoci bakwai. Sarkin Hatimi ya dawo daga bita, ya zo duba zanarsa. Malam Sajo na ganinsu, alli ya faɗi daga hannunsa, na mako guda cur. Mai Girma ya dubi inda aka cinye. Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Awaki ne, ranka ya daɗe." Ban yi ƙarya ba.

Ya juya ga mutanensa. "Kun gani? Illar aikin ƙauye ke nan. Ba inganci."

Aikin ƙauye. Zanata. A gaban Mijinyawa. Na buɗe baki zan rama. Sai na hango Asiya a layin baya tana kwafe allo daga wannan gefe har wancan, harshe a waje. Na haɗiye maganata.

Mai Girma ya ce kada kowa ya sake taɓa wurin. Wannan karon katangar bulo za a yi, ta zamani, kuma ɗan kwangila za a ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda yake gina mana aji na biyu?"

"Shi ɗin. Kafin damina an gama."

Na ce, "Alhamdu lillahi." Da zuciya ɗaya na faɗa. Ya ji daɗi har ya ba ni hannu.

A lissafina, na mai wata bakwai a aji, Asiya za ta gama firamare, ta gama sakandare, ta kawo nata 'ya'yan, kafin bulo na farko ya iso. Shekara da shekaru ina zagin alkawarin manya. Ban san wata rana shi zai yi min rana ba.

Abu ɗaya ya rage. Awakin Mijinyawa sun saba da ajin. Kullum da an buga ƙarfe suna bakin ƙofa, su goma sha ɗaya, ba su taɓa makara ba. Malam Sajo ya ce in a sama aka ji labari, za a sa su a rajista a ce yawan ɗalibai ya ƙaru. Ni dai roƙona ɗaya: takwas mata ne, uku bunsuraye. Don Allah kada wanda ya gaya wa Mai Girma.