Maɓallin Sojan Ruwan da Na Tono a Hamada

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban malamai da iyayen yara a makarantarmu da ke Riyad, na ba su tarihin wani sojan ruwa da ya rasu shekara ɗari da hamsin da suka wuce, alhali bawan Allahn yana zaune a layi na uku yana cin dabino.

Bari in faro daga tushe. A gidanmu an san ni da ƙarin gishiri. In na ga kyanwa a bakin layi, kafin in gama hawa bene ta zama damisa. Baba, wanda ke aikin ofis a unguwar Ulaya, yakan ce, "Kai ko cewa ka yi rana ta fito, sai na leƙa taga." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma maganar tana cina a rai. Burina shi ne sau ɗaya tak in ajiye wani abu na gaskiya a gabansa, ya rasa ta cewa.

Da sanyi ya shigo muka fita kashta, wato a je hamada a shimfiɗa darduma, a gasa nama, a sha shayi. Wuri ɗaya muke zuwa duk shekara, gindin wata bishiyar ƙaya, domin Baba ya yi imani duk faɗin ƙasar nan babu inuwa irin tata. A ranar Kawu Idi, ƙanin Mama, mai gyaran kayan lantarki a unguwar Sulay, ya zo da na'urar gano ƙarfe da wani ya kawo masa gyara, yana so ya gwada ta. Na karɓe. Na tono murfin kwalba, na tono gwangwanin kifi, na tono cokali mai lanƙwasasshen wuya. Ina shirin haƙura ke nan na'urar ta yi wani siririn kuka, taku kaɗan daga inda muke hura wuta. Na sa yatsu na yaye yashi, sai ga maɓalli, ya yi baƙi-baƙi, da zanen ƙugiyar jirgin ruwa da igiya ta nannaɗe ta.

"Kawu, duba! Na soja ne!"

Ya kalla sama-sama, hankalinsa na kan nama. "In tsohon abu ne na gaske, na hukuma ne, ɗana. Ba a ɓoyewa."

Da ya san abin da wannan magana ta yi min, da bai faɗa ba. Nan take na hango maɓallina cikin akwatin gilashi a gidan tarihi, fitila na haska shi, sunana a ƙasa da ruwan zinare. Na cusa shi cikin safa, na ce wa Kawu kada ya gaya wa kowa.

Daga ranar na daina zama a duniyarku. Tambaya ɗaya ce ta riƙe ni: me sojan ruwa yake nema a tsakiyar hamada? A jirgin ƙasa, in muka ratsa tsakanin dogayen benayen Ulaya, sai in ga sun zama jiragen ruwa, yashi kuma yana tashi yana sauka kamar teku. Na ga sojana ƙarara. Dogo ne, mai gashin baki, jirginsa ya nutse, ya biyo ayarin raƙuma da wata wasiƙa a ƙirji. Ya kwana gindin bishiyarmu yana bin taurari da ido, yana jin ƙarar ruwa a kunnensa, da asuba ya tashi maɓallinsa ya tsinke bai sani ba. (Har doki na ba shi, daga baya na ƙwace, don na rasa yadda doki zai tsira daga jirgin da ya nutse.)

Ana haka aka sanar da Ranar Tarihi a makaranta, kowa ya kawo tsohon abu ya yi bayani gaban iyaye. Na je wurin Ustaz Usman, malaminmu na tarihi, ɗan Sudan, mai haƙuri kamar raƙumi. Na ba shi labarin, ban nuna masa maɓallin ba.

"Ya waladi, ɗana," in ji shi, "maɓalli ba a fuska yake faɗin shekarunsa ba. Juya shi za ka yi. Na da yakan yi nauyi, sau da yawa zubi ɗaya ne, ɗan kunnen da ake sa zare kuma an liƙa shi da hannu, wani lokaci har da sunan maƙerin. Na yanzu falle biyu ne na gwangwani da inji ya matse. Kawo in duba maka bayansa."

To, ga inda zan faɗi gaskiya. Na koma gida na wanke shi da lemon tsami da gishiri, na juya shi. Falle biyu ne. Ba nauyi. Bayan yana ƙyalli kamar murfin tukunyar Mama. Na daɗe ina kallonsa, sannan na yi abin da duk wani babban masani zai yi: na shafa masa gam na manna shi a kan jan ƙyalle, yadda ba mai sake ganin bayan nan har abada. Na ce wa Ustaz na duba, tsoho ne tukuf.

Ranar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Na hau dandamali, na riƙe makirfo, na saki baki. Jirgi ya nutse, raƙuma suka yi kuka, taurari suka fito. Wallahi na ga wani dattijo yana share ido. Aka tafa. Baba ya miƙe daga layi na uku cikin baƙar kwat ɗinsa ta sanyi, fuskarsa cike da wani irin murmushi da ban taɓa samu daga gare shi ba. Ya tako har gaban teburin, ya sunkuya ya ga abin da ɗansa ya tono.

Da ya sunkuya, gaban kwat ɗin ya sauko daidai kan jan ƙyallen.

Ustaz Usman ya kalli ƙyallen, ya kalli ƙirjin Baba, ya sake kallon ƙyallen. Na bi idonsa. Maɓallai biyar ne jere, kowanne da ƙugiyar jirgin ruwa da igiya. Na shida baƙin roba ne, wanda Mama ta ɗinka da zaren da bai ma dace ba.

"A'a!" in ji Baba, da maɓallin yake magana. "Ashe nan ka shige!"

Makirfon yana kunne a hannuna. Baba kuwa mutum ne mai son kowa ya fahimta, sai ya juya ya maimaita da Larabci: a kasuwar gwanjo ya sayi kwat ɗin, shekara uku ke nan maɓallin ya tsinke a gindin bishiyar nan yana hura wuta, kuma tun ranar uwar yaron nan take masa faɗa. Zauren ya fashe. Dattijon da ya yi hawaye ya sake yin wasu, na dariya. Sojan ruwana, mutumin Katsina ne da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, wanda in an je bakin teku a mota yake zama.

A hanyar gida muka tsaya a danja. Baba na juya maɓallin a tafin hannunsa, da guntun jan ƙyalle manne a baya.

"Ka san ba tsoho ba ne?"

"Na sani, Baba."

"Wannan gam ɗin shi ne laifinka. Sauran duk mafarki ne, ba a dukan mutum don mafarki." Danja ta ba da hannu, ya ja mota. "Amma fa ka samo shi. Duk faɗin hamadar nan. Wannan kam ba sai na leƙa taga ba."

Da yamma Mama ta miƙo min allura da zare. Na kankare gam, na soke yatsa sau uku, na mayar da kayan tarihi inda ya fito. Har yau a makaranta Kyaftin ake ce min, Kawu Idi kuma in ya gan ni sai ya ƙame ya sara. Ni dai na koyi abu biyu. Duk abin da ka tsinta, juya bayansa kafin ka buɗe baki. Kuma kafin ka tafi shekara ɗari da hamsin neman mai kaya, fara duba ƙirjin mutumin da ke kai ka makaranta kullum da safe.