Fitilar Falo da Zuwan Suruki

Wani ne a Faskari ya gina falo. Falo ɗaya tal, amma in ka ji shi a majalisa sai ka rantse bene ya ɗora. Ya sa silin, ya shafa fenti, sannan ya hau mota har Funtua ya sayo wata fitila mai tasar gilashi, irin wadda ake liƙawa a tsakiyar silin, da ƙwai uku a cikinta.

Duk wannan ɗawainiya saboda mutum ɗaya ce, wato surukinsa Alhaji Sanusi na Sabuwa, mahaifin matarsa Mairo. Shekara shida da aure, Alhaji bai taɓa yaba masa ko da hula ba. Zuwansa na ƙarshe a zaure aka sauke shi, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Maganar nan ta tsaya wa mutumin a rai. Shi ya sa da falo ya kammala ya aika a gaya wa Alhaji ya zo ranar Asabar ya sa albarka. Albarka dai aka ce, amma fitila yake so a gani tana ci.

Ranar Alhamis da la'asar sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ashe kafinta ya bar ƙusa biyu bai daddanne ba. Ruwa ya bi kwano, ya bi silin, ya zarce cikin tasar gilashin har ta cika. An yi sa'a ko rashin sa'a, akwai wuta a lokacin, ƙwayayen suna ƙyaftawa a cikin ruwa suna wani cir-cir.

Gogan naka ya jawo benci zai hau ya zubar da ruwan, ƙafa ba takalmi, hannu jiƙe sharkaf. Mairo ta riƙe masa riga ta ce ita ba ta shirya takaba ba, ya kira Yahuza mai gyaran wuta.

Yahuza yana Ƙanƙara wurin aiki. A waya ya ce ba zai samu zuwa ba sai Asabar da safe. Ya ja masa kunne: ya kashe babban makunnin da ke jikin mita, kada ya taɓa komai da jiƙaƙƙen hannu, in ya zama dole ya yi amfani da busasshen icce, sannan ya bar wurin ya bushe sarai. Ya ƙara da cewa ruwa da wuta in sun haɗu ba su san mai gida ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta firgita shi. Mutumin da ɗazu zai tsoma hannu a ruwa, yanzu ko ƙofar falon ya ƙi kusanta. Ya sa takalmin danko na shiga fadama. Ya yanka tsohon tayan keke ya naɗe hannuwansa har gwiwa. Ya ɗauko taɓaryar Mairo, ya tsaya daga nesa, ya runtse ido, ya kai wa makunni duka. Na farko ya sami bango. Na biyu ya sami butar alwala da ke rataye. A na huɗu ne makunni ya sauka.

Saura bushewa. Shi manomi ne, abin da ya sani in masara ta sha ruwa, ko rana ko hayaƙi. Rana babu, damina ta kankama. Don haka washegari ya mirgino ganga tsakiyar falo, ya ɗora kasko cike da garwashi a ƙarƙashin fitilar, ya zauna da mafici yana fifitawa.

Mairo ta dawo daga maƙwabta ta tarar da falo ya turnuƙe.

"Malam, mi kake yi haka?"

"Shanya."

"Shanya ko ƙyafe kifi? Dubi silin ɗin."

Ya ɗaga kai. Farin silin ya yi baƙin da'ira kamar gindin tukunya. Ya ce ba komai, in fitila ta kama ba mai kallon gefenta. Ta kwashe kaskonta ta fita tana cewa da ta san haka ne, da ta bar shi ya hau bencin jiya.

Asabar da hantsi Yahuza ya iso da jakar kayan aikinsa. Ya dubi silin, ya dubi mai gida, bai yi mamaki ba, don ya daɗe yana shiga gidaje. Ya tambaya ko babban makunni a kashe yake. Mutumin ya ce tun Alhamis, da hannunsa ya kashe. Duk da haka Yahuza ya je ya duba da idonsa, ya sa abin gwaji, sannan ya hau ganga. Ya kwance tasar, ya zubar da ruwan da ya yi ɗumi, ya goge ƙwayayen. Ya ce wayoyin sun ci ruwa kuma zafi ya narkar da robar, sai ya yanke ya sake haɗawa.

Yana cikin fere waya sai aka yi sallama. Alhaji Sanusi ne, da babbar riga da carbi. Mai gida ya ruga ya zube a ƙasa yana gaisuwa, ya gaida Sabuwa, ya gaida gonaki, ya gaida shanu. Alhaji yana amsawa a taƙaice yana ƙare wa gidan kallo.

Ana cikin haka sai injin niƙan maƙwabta ya tashi, aka ji mata ta kan katanga suna cewa an kawo wuta. To, a unguwar nan wuta baƙuwa ce. Tun daren Alhamis da ta tafi ba a sake ganinta ba, kuma in ta zo ba ta cika yin rabin awa ba. Ga Alhaji a bakin ƙofa, ga wuta ta zo da ƙafarta. In ta tafi, an yi fenti da Funtua a banza, kuma sai wata shekara shidan.

Mai gida ya miƙe ya ce, "Baba, bismilla, shiga daga ciki." Shi kuma ya zagaya ta jikin mita. Yau ba takalmin danko, ba taɓarya. Da yatsa ɗaya ya ɗaga makunni.

Daidai lokacin Yahuza yana murɗe wayoyi biyu da hannu. Ƙwai uku suka kama fes, falo ya haskaka kamar kanti. Yahuza ya yi wata ƙara, wuta ta watsar da shi, ganga ta yi gabas shi ya yi yamma, ya faɗo kan kujera ya gangara ƙasa. Wayoyi suka rabu, fitila ta mutu.

Mairo ta fito daga kicin tana salati, ta ruga ta sauke makunnin. Yahuza yana zaune a ƙasa, gashi a tsaye, yana yarfe hannu yana duba yatsunsa ko sun cika. Da numfashi ya dawo masa ya ce, "Wane marar imanin ne ya kunna?"

Mutumin bai ko dube shi ba. Ya leƙa bakin ƙofa, ya ga Alhaji a sunkuye yana fama da maɗaurin takalmi, ƙafa ɗaya a waje. Sai a lokacin Alhaji ya ɗago ya shigo, ya dubi baƙin silin, ya dubi wayoyi a rataye, ya dubi mutum a ƙasa.

Gogan ya matsa kusa da Yahuza, ya durƙusa, ya rage murya.

"Malam Yahuza, don Allah daure ka hau ka ƙara riƙewa kaɗan. Baba na cire takalmi, bai gani ba."