Faifan Labaran da Ƙullin Daddawa

"Wa nake ji kamar mijin nan nawa da ya gudu?"

"Ni ne, tsohuwa. Ashe kina nan da ranki?"

Jikana Labaran ke nan, mai aikin kwamfuta a Kaduna. Tun rasuwar Malam ni kaɗai ce a gidan nan na Kurfi, daga ni sai kaji, shi kuwa rabona da shi tun sallar bara. Motar Dutsin-Ma ta sauke shi a rame kamar kara.

"Ina arzikin da ka ce na'ura za ta haifa maka? Ka zo mini da baƙin faranti, ko tuwo ba zai ɗauka ba."

"Faifai ne, ba faranti ba. Umarni na rubuta a ciki. Mai kantin magani ya sa a na'ura, ta gaya masa maganin da ya kusa ƙarewa."

"To, sai aka yi yaya?"

"Na sayar wa mutum ɗaya. Ya kwafa wa ƙanensa, ƙanen ya kwafa wa surukinsa. Yanzu duk layin da shi suke aiki, ko gaisuwa babu mai yi mini."

"Faifan bai ragu ba?"

"Ba ya raguwa."

"Wayyo, na auri sakarai! Abin da ba ya ƙarewa ka sayar? Ina daddawa tun ubanka bai san wando ba, ka taɓa jin na nuna wa Rabi maƙwabciya yadda nake rufe kalwa? Ƙulli nake ba ta, na miya biyu. Ya ƙare ta dawo, ta zauna, in ji wa ya haihu, wa ya yi yaji. Da na koya mata, da kaji zan riƙa hira."

"Wato in sa faifan ya riƙa lalacewa? Muguwar tsohuwa!"

"Wa ya ce ka lalata? Bar musu faifan, kai ka zama daddawar. Sabon magani ya fito, su neme ka. Na'ura ta yi gardama, su neme ka, su biya."

Ya sosa ƙeya.

Da zai koma ya miƙo gwangwani. "Cika mini da daddawa, ta kai ni babbar salla."

Na ɗora masa ƙulli ɗaya a tafin hannu.

"Haba! Wannan ko wata ba zai kai ba."

"Na sani."

Ya dubi ƙullin, ya dubi tabarmar Malam da ke jingine a naɗe, sai ya yi dariya a hankali.

"Kin ci ni, amarya. In ya ƙare zan zo."

"Ka taho da goro. Ba na hira da miji hannu rabbana."